Shakazoban Bayan Babur: "Ya Shiga" Daban, "Ya Dace" Daban

Duk wanda ya san birnin Katsina da safe, tun daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa har Ƙofar Guga, ya san babur ne ke kai yawancinmu makaranta. Wani mahaifinsa ke goya shi, wata yayanta ke sauke ta a bakin get, wani kuma ɗan acaɓa yake tarewa. Akwai kuma da yawa daga cikinku da ke wucewa garejin gyaran babura bayan an tashi, ko a aike su shagon kayan gyara da kuɗi a hannu.

A irin waɗannan shaguna akwai maganar da ake yawan ji idan an zo sayen shakazoban baya: "Ai duk ɗaya ne, zai shiga." Sau da yawa kuma yakan shiga ɗin. Noti ya kama, babur ya tashi, kowa ya kama gabansa. Sai dai shiga daban, dacewa daban. Shakazoban da ya shiga bai dace ba yana cin taya da sarƙa, yana rage ƙarfin birki, kuma yakan kayar da mutum a kwana. Yau za mu duba yadda ake gane bambancin, kuma za ku ga cewa ilimin da ake buƙata yana nan cikin littafinku na Fiziks.

Mene ne aikinsa?

Tayar bayan babur ba a manne take da jikinsa ba. Tana riƙe ne a wani ƙarfe mai reshe biyu da ke hawa da sauka kamar hannun mutum, wanda za mu kira hannun taya. Shakazoba shi ne ke tsakanin wannan hannu da firam ɗin babur, a ƙarƙashin kujera. Yawancin baburan da muke gani a gari guda biyu ne da su, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Kowane ɗaya abu biyu ne a haɗe. Na farko shi ne sifirin ɗin da ido ke gani a waje, wanda ke ɗaukar nauyi. Na biyu shi ne bututun da ke tsakiyarsa, mai cike da mai. A cikin bututun akwai sanda mai kai kamar na famfo, da 'yan ƙananan ƙofofi. Idan taya ta faɗa rami, sandar na tura man ya bi ta waɗannan ƙofofi da ƙyar, sai ƙarfin girgizar ya koma zafi. Shi ya sa idan ka taɓa bututun bayan doguwar tafiya a gargada za ka ji shi da ɗumi.

Da sifirin kaɗai ne, babur zai riƙa tsalle kamar ƙwallo bayan kowane rami. Man da ke ciki ne ke kwantar da shi. Mutane da yawa sun ɗauka amfanin wannan duka shi ne jin daɗin zama. Akwai wannan, amma babban aikinsa shi ne danne taya a ƙasa. Tayar da ke sama, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta jin birki, ba ta kuma riƙe hanya.

Me ya sa suke kama da juna?

Dalilin yana cikin tarihin baburan. A shekarar 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Baburan da muke kira roba-roba tsarinsa suka gada. A 1975 kuma Honda ya fito da CG125, babur mai sauƙin gyara da aka tsara don ƙasashe masu tasowa, kuma kamfanoni da dama a ƙasar Sin sun ƙera nasu a kan fasalinsa. Shi ma kamfanin Jincheng da ke birnin Nanjing ya ƙera AX100 ne bisa fasahar Suzuki, haka kuma masu ƙera Haojue abokan hulɗar Suzuki ne. Daga Indiya kuma Bajaj ke turo Boxer, ga TVS ma da nasa.

Ke nan baburan da suka cika titunan Katsina 'yan gidaje kaɗan ne, kuma 'yan gida ɗaya sukan yi musayar kaya. Wannan ya sauƙaƙa wa bakanike aiki, ya kuma sa kayan gyara suka yi araha. Amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Kamfanin da ya kwaikwayi fasalin wani yakan ƙara tsawon firam, ko ya sauya girman taya, ko ya matsar da wurin ɗaura shakazoba. Ko a kamfani ɗaya, samfurin bana kan bambanta da na shekarun baya, alhali sunan da ke jikin tanki bai canza ba. Saboda haka suna kaɗai ba ya isa. Awo ne ke raba gardama.

Abubuwa biyar da ake aunawa

Na farko, tsawo. Ana auna shi daga tsakiyar ramin sama zuwa tsakiyar ramin ƙasa, a lokacin da shakazoban yake a cire, babu nauyi a kansa. Ba a aunawa daga baki zuwa baki. Na ƙananan babura irin namu galibi suna tsakanin milimita 300 zuwa 350, kuma bambancin milimita 10 ko 20 da ido ba ya kamawa a kan kanta yana da tasiri a kan titi.

Na biyu, irin bakinsa. Wani zobe ne sama da ƙasa. Wani kuma zobe ne a sama, ƙasansa mai reshe biyu ne da ke rungumar ƙarfen hannun taya. Ba a musanya waɗannan biyu.

Na uku, faɗin rami da kaurin zobe. Ƙusoshin da ake ɗaurawa da su sukan zama na milimita 10 ko 12. A cikin zoben akwai bushin na roba. Idan ramin ya fi ƙusar girma, zai riƙa kaɗawa yana cin ƙarfe har wata rana ƙusar ta karye. Idan zoben ya fi wurin zamansa kauri, noti ba zai samu isasshen zare ya kama ba.

Na huɗu, nisan da yake iya matsewa kafin ya kai ƙarshe. Shakazoba biyu na iya zama tsawo ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya nutsewa. Wanda ya nutse fiye da yadda aka tsara wa babur zai bar taya ta daki madigadi.

Na biyar, kaurin jikinsa. Sifirin mai faɗi kan goga murfin sarƙa a gefe ɗaya, ko salansa a ɗaya gefen. Wasu samfuran Boxer ma sifirin biyu ne da su, ƙarami a cikin babba, saboda ɗaukar kaya.

Ko da waɗannan biyar sun yi daidai, saura abu guda da tef ba ya aunawa, wato ƙarfin sifirin. A nan ne Fiziks ke shigowa.

Dokar Hooke a ƙarƙashin kujera

'Yan babbar sakandare sun san Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya wallafa dokarsa a 1678. Dokar ta ce matsewar sifirin ko miƙewarsa na tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa, muddin ba a wuce iyakarsa ba. A aji ana rubuta ta F = ke, inda F yake nauyin, e yake matsewar, k kuma ƙarfin sifirin.

Mu ɗauki misali irin na allo, da alƙaluman da muka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce direba da fasinja sun ɗora wa bayan babur kilo 120, wato newton 1,200 idan muka ɗauki g a matsayin 10. Shakazoba biyu ne a tsaye, kowane ya ɗauki 600. A ce kowane na iya matsewa milimita 80 kafin ya kai ƙarshe.

Idan ƙarfin sifirin newton 20 ne a kowace milimita, zai matse milimita 30, ya rage 50 na tarar ramuka. Idan aka sa na ƙaramin babur mai ƙarfin 12, zai matse milimita 50, ya rage 30 kacal. Yanzu a ɗora buhun taki mai kilo 50 a kariya. Kowane shakazoba na ɗauke da newton 850. Na farko ya matse milimita 42.5. Na biyu ya matse kusan 71, saura milimita 9. Ramin farko da aka faɗa, ƙarfe zai daki ƙarfe, dukan kuma ya wuce kai tsaye zuwa firam da ƙashin bayan wanda ke zaune.

Kada wani ya ce to ai sai a riƙa sa mai tauri kawai. Idan aka ɗaura sifirin babban babur a roba-roba, kuma mai hawan ba shi da nauyi, sifirin ba zai nutse yadda ya kamata ba. Tayar za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, idan aka taka birki ta ja ƙasa. Masu gyara na ƙwarai suna son babur ya nutse kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukkan nisan matsewarsa idan mai shi ya hau. Ragowar na tarar tudu ne, abin da ya nutse kuma shi ke ba taya damar miƙewa ta bi rami.

A gindin yawancin shakazoba akwai wani zobe mai matakala, sau da yawa hawa biyar, da ake juyawa. Mutane kan ce yana ƙara wa sifirin tauri. A gaskiya k ba ya canzawa. Abin da zoben ke yi shi ne matse sifirin tun kafin a hau, don bayan babur ya ɗaga idan za a ɗauki goyo ko kaya. Dole ne na dama da na hagu su kasance a hawa ɗaya. Kuma zoben ba ya mayar da sifirin da bai dace ba ya zama daidai.

Idan ya yi tsawo, idan ya gajarce

Wasu masu babur da gangan suke sa dogo, don bayan ya ɗaga su ji daɗin lodi. Ga abin da ke biyo baya. Nauyi na komawa gaba, kan babur ya riƙa saurin juyawa, a guje kuma yana iya rawa. Fitilar gaba na kallon ƙasa, ba ta haska nesa da dare. Idan aka jingine shi a ƙafar gefe yakan kwanta da yawa.

Babbar illar kuma a sarƙa take. Sarƙar babur ta fi ɗaurewa a lokacin da abu uku suka yi layi ɗaya: ƙaramin faifan haƙora na jikin inji, mahaɗar hannun taya, da tsakiyar tayar baya. Dogon shakazoba na sa hannun taya ya sunkuya ƙasa fiye da ƙima. Bakanike zai saita sarƙar ta yi daidai a tsaye, amma da an hau an faɗa rami sai ta ɗaure tamau. Wannan na cin haƙora da boris, kuma sarƙar na iya tsinkewa ana cikin tafiya. Haka nan yawancin waɗannan babura birkin bayansu da sandar ƙarfe ake jan sa, don haka sauya tsayuwar hannun taya na sauya saitin birkin.

Gajere kuma na sauke bayan babur. Taya ta riƙa gogar madigadi, matakin ƙafa ko salansa su riƙa kartar kwalta a kwana. Fitila ta koma kallon sama tana kashe wa masu tahowa ido. A ƙafar gefe kuma babur na tsayawa ƙiƙam, iska kaɗan ta tura shi ya faɗi.

Mafi muni shi ne a sa dogo a gefe ɗaya, gajere a ɗaya, ko sabo da tsoho. Ɗayan zai riƙa ɗaukar aikin biyu, hannun taya yana murɗewa, ƙusoshi suna wahala. Shi ya sa ake canza su biyu tare, ko da ɗaya ne ya lalace.

Mai guda ɗaya a tsakiya

Za ku lura wasu sababbin babura, musamman na gudu, shakazoba ɗaya ne da su a ɓoye a tsakiya. Kamfanin Yamaha ne ya yaɗa wannan tsari, bayan da Hakan Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe gasar duniya ta tseren babura a gargada da irinsa a 1973.

Irin wannan ana ɗaura shi kusa da mahaɗar hannun taya, nesa da tayar. Ku tuna darasin sandar ɗaga kaya: abin da ke kusa da mahaɗa yana motsi kaɗan amma yana ɗaukar ƙarfi mai yawa. Don haka sifirinsa ya ninka na masu biyu tauri sau da yawa, kuma ƙarin milimita 5 a tsawonsa na iya zama 10 ko 15 a wurin taya. A nan babu maganar gwaji. Sai wanda aka ƙera wa wannan samfuri.

Yadda ake gane wanda ya mutu

Yanayinmu ba ya raga wa shakazoba. Ƙurar hunturu na manne wa sandar, ta riƙa cin robar da ke tare mai. Da damina kuma ruwa na faffasa hanyoyin unguwanni, ga tsatsa. Ga lodin buhuna a ranakun kasuwa, a hanyoyin Jibiya, Batsari, Mashi da Charanchi.

Alamar farko ita ce mai na tsiyaya a jikin bututun, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ta biyu, danna kariya da ƙarfi ka saki. Mai lafiya zai taso a hankali ya tsaya. Wanda ya mutu zai yi ta lilo sau biyu ko uku. Sauran alamun su ne ƙarar ƙwanƙwasa a rami, robar zobe da ta tsage, sandar da ta lanƙwashe, da tayar da ta ci tudu-tudu.

Wanda zai sayi na hannu ya ƙara kula, domin fenti na ɓoye tsufa. Ya duba sandar ko tana da tsatsa ko zane, ya jera biyun a ƙasa ya ga ko tsawonsu ɗaya. Tsohon sifirin kan gajarce saboda gajiya.

Akwai dabarun da ya kamata kowane ɗan koyo ya ƙi. Kada a huda zobe don a faɗaɗa shi, kada a cusa yankin tsohon tif a madadin bushin, kada a yanke sifirin. Kada kuma a kai bututun wurin mai walda. Akwai mai a ciki, wasu ma har da iskar nitirojin a matse, kuma wuta na iya fasa shi a fuskar mai aikin.

Idan an aike ka saye

Ka tafi da tsohon a hannu, su biyun idan zai yiwu. Ka riƙe tef ko rula, ka rubuta tsawon a takarda tun daga gida, tare da cikakken sunan samfurin babur. Idan littafin da babur ya zo da shi yana nan, a duba shi. A shago ka jera tsoho da sabo, ka zura ƙusar a ramin sabon ka ji ko tana kaɗawa. Ka dubi kaurin ƙarfen sifirin da yawan zagayensa: a faɗi ɗaya, ƙarfe mai kauri da zagaye kaɗan ya fi tauri.

Ba rashin kunya ba ne yaro ya ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a ba ni dama in auna, haka maigidana ya ce." Ka kuma nemi alkawarin canji idan bai yi ba, ka karɓi rasit. Idan akwai mai araha da bai kai awo ba, da mai ɗan tsada da ya yi daidai, ka koma ka faɗa wa wanda ya aike ka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Kuɗin da aka rage a shago yakan fita a sarƙa da taya, wani lokaci a asibiti.

Bayan an ɗaura, a ƙarasa ɗaure notuna babur na tsaye a kan tayoyinsa, don kada robar zobe ta murɗe. A sa mutum ya hau, a duba sarƙa, a taka birkin baya, a leƙa tsakanin taya da madigadi, a kunna fitila a jikin bango. Sannan babba ya gwada shi a hankali kafin a ɗauki kowa.

Mun ce babba ne zai gwada, domin dokar Najeriya ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kuma wajabta hular kwano ga direba da fasinja. Babu shakazoban da aka ƙera don mutum huɗu a babur ɗaya. Idan ɗan acaɓa ya ce ku ƙara matsawa a sa wani, ko ka ji bayan babur na dukan ƙarfe a kowane rami, kana da ikon cewa a sauke ka.

Ga masu sha'awar sana'ar

Bakaniken da ke riƙe da tef da littafin rubutu ya fi wanda ke aiki da ido kaɗai, kuma masu babura na gane haka da wuri. Ɗalibin da ke zuwa gareji da yamma na iya buɗe shafi a littafinsa, duk shakazoban da aka cire ya rubuta sunan babur, tsawo, irin baki da girman ƙusa. Cikin zango ɗaya zai tara jadawalin da babu irinsa a garejin, har maigidansa ya riƙa tambayarsa. Wanda ya so zurfafawa, akwai fannin injiniyan kanikanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, kuma da Fiziks da Lissafi ake shiga.

Ga aikin wannan mako. Da izinin mai babur a gidanku, a kafe shi a ƙafar tsakiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Ku auna daga tsakiyar tayar zuwa wani wuri a kariya da ke saitinta. A sauke shi, mai shi ya hau, wani ya riƙe masa, ku sake aunawa. Sannan a ƙara mutum na biyu, ku auna na uku. Ku rubuta bambancin, ku kai wa malamin Fiziks ku tattauna ko sakamakon ya bi dokar Hooke, idan kuma bai bi daidai ba, ku nemo dalili. Wanda ya samu amsa ya rubuto mana tare da sunan makarantarsa da ajinsa. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kiyaye hanya.